Maman Lab da Gilashin Ummata

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, ita ta riga ta iso. Ba ta bi ta babbar ƙofa, inda aka jera tukwanen furanni. Ta ƙofar baya take shiga, ta wuce ɗakin wanki, ta wuce rumfar da injin wuta yake ruri, ta sauka matakala zuwa wani ɗaki mai taga ɗaya, tagar da in ka leƙa ba ka ganin komai sai katanga da bututun ruwa. Nan za ta rataye mayafinta a ƙusa, ta zura farar riga, ta ajiye filas ɗin shayinta nesa da kwalaben rini, ta yaye ƙyallen da take lulluɓe madubin aikinta da shi. Sai ta ja kujera, ta sunkuya. A haka take wuni. A haka ta shafe shekara talatin da ɗoriya.

Maman Lab ake ce mata, wato uwar ɗakin gwaji, tun daga masu gadi har likitoci. Yawancin matan da suke yawo da ransu yau ta sanadinta ba su taɓa ganin fuskarta ba, wasu ba su ma san akwai ta ba.

Ga aikin nata, don wanda bai sani ba. Idan mace ta je gwajin bakin mahaifa, nas za ta shafo ɗan abu kaɗan daga wurin, ta goga a jikin wani siririn gilashi da bai wuce tsawon yatsa ba. Matar ta gyara zaninta ta tafi gida, a zatonta an gama. Ko farawa ba a yi ba. Gilashin nan zai sauko ɗakin Maman Lab, a rina shi, ta sa shi a ƙarƙashin madubin da ke girmama abin da ido ba ya iya gani, ta bi shi layi-layi daga wannan gefe zuwa wancan, tana duba ƙwayoyin halittar jikin matar, dubbai a kan dubbai, tana neman 'yan ƙalilan da suka fita daban. In ta gama, ta ɗauki na gaba. Ta yi karatun abin, ta ƙara karatu a kansa, kuma ba ta ɓoye cewa ta iya. Ba mace ce mai sanyin baki ba. In nas ta aiko mata gilashin da aka shafa a gaggauce, takan hau sama da shi a hannu ta ce, "Wannan me kike so in gani a ciki? Kira matar, ki ba ta haƙuri, ki sake."

Makon jiya ta yi ritaya. Na so in rubuta wannan jinjina da sanyin rai, irin wadda ake karantawa a yi murmushi a wuce. Na gwada, abin ya ƙi. Raina a ɓace yake, kuma zan faɗi dalili. Amma bari in fara da yadda na san ta.

Ummata tela ce. Shagonta na bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Da keken ɗinkin nan ta rene mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ni ce ƙarama, kuma har yau Auta take kirana ko da yake ni ma na tara nawa 'ya'yan. Shekarun baya asibitin ya yi shelar gwajin bakin mahaifa, na dame ta har ta yarda ta je. A lokacin ta doshi sittin, al'adarta ta daɗe da ɗaukewa. Ta tafi tana mita, ta dawo tana mita. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo wayarta daga asibiti, wai sakamakon gwajinta lafiya lau ne. Ta miƙo min wayar ta ce, "To, likitar gida, hankalinki ya kwanta? A bar ni in yi aikina."

Hankalina kuwa ya kwanta. Ba mu san abin da ya faru a ɗakin ƙasa ba.

Bakin mahaifar Umma lafiyarsa ƙalau, saƙon bai yi ƙarya a kan wannan ba. Amma can a gefen gilashin, Maman Lab ta ga wasu ƙwayoyi a dunƙule waɗanda ba na bakin mahaifa ba ne. Na can ciki ne, daga shimfiɗar cikin mahaifa suka gangaro. A jikin macen da take al'ada, ganinsu ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma matar da ta yi shekaru rabonta da al'ada, me zai zubo da su? Ga shi kuma wasunsu ba su yi mata kama da masu lafiya ba. Ta rubuta abin da ta gani, ta nemi a duba cikin mahaifar matar nan, likitan da ke kula da ɗakin gwaji ya duba ya yarda da ita.

To, a shekarar ne masu ofishin sama suka kawo sabon tsarin aika sakamako ta waya. Amsa biyu kaɗai tsarin ya sani: lafiya lau, ko a dawo asibiti. Kuma da bakin mahaifa kawai yake aiki. Duk bayanin da aka ƙara a ƙasa, kwamfuta ba ta ɗauka. An yi taron ƙaddamar da shi, an tafa, an sha lemo. Ba wanda ya sauko ya tambayi matar da take duba gilasan ko amsa biyu ta isa.

Maman Lab ta hau sama wurin likitar mata, ta tambaya ko an kira telar nan. Suka duba tare, suka ga saƙon da ya riga ya tafi. Nan take likitar ta ɗauki waya ta kira Umma. Umma ta saurara, ta ce, "Baiwar Allah, asibiti sun riga sun aiko min lafiya lau. Ku 'yan damfara ba ku gajiya ne?" Ta kashe wayarta. Aka sake kira, ta ƙi ɗauka.

Ranar Asabar ina shagon ina taya ta ɗinka maɓalli, sai ga wata mata doguwa mai tabarau, wuyanta a ɗan karkace gaba, riƙe da yadi a leda. Ta yi sallama, ta zauna a benci, ta jira har matar da ta tarar ta karɓi ɗinkinta ta tafi. Umma ta ɗauko tef ta ce ta miƙe a auna ta.

"Yadin don maƙwabta na riƙo shi, Hajiya," in ji matar, "kada a ce me ya kawo ni. Daga asibiti nake. Ni na duba gwajinki. Ina son magana da ke, ke kaɗai in kin fi so."

Umma ta dube ni, ta dube ta. "Autata ce. Faɗi."

"Saƙon da aka aiko miki bai cika ba. Bakin mahaifarki lafiya yake. Amma na ga wani abu da ya fito daga ciki, kuma a shekarunki bai kamata in gan shi ba. Ban ce ciwo ne ba. Yawancin matan da nake ganin irin wannan a gwajinsu, in an bincika ba a samun komai. Sai dai ba zan iya cewa ke ma haka ne ba sai an duba."

"Ni ba abin da ke damuna."

"Kina ganin jini?"

Umma ta fara naɗe tef ɗin a yatsanta. Ta naɗe, ta warware, ta sake naɗewa.

"Ɗan ɗigo ne," ta ce da ƙyar. "Wani lokaci ruwa-ruwa. Ba kullum ba."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima. Na ce ko ƙuruciya ce ta tuna da ni."

Ta yi dariya, ba wanda ya taya ta. Ashe wata da watanni ke nan tana wanke zaninta ita kaɗai tana shanyawa a bayan ɗaki. Nas ɗin da ta ɗauki gwajin ta tambaye ta, ta ce babu. "Yarinya ce sa'ar Auta," in ji ta, "ta yaya zan buɗe baki?"

Maman Lab ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce, "Hajiya, ni da ke kusan sa'o'i ne, ki ji daga bakina. Jinin da ya zo bayan al'ada ta ɗauke ba ƙuruciya ba ne, ko da ɗigo ɗaya ne. Litinin da safe likita na jiranki. In ba ki zo ba zan dawo, kuma wannan karon ba zan riƙo yadi ba."

Ta miƙe za ta tafi, Umma ta ce, "To, yadin fa?"

"Ki ɗinka min, tunda na riga na saya. Doguwar riga. Kada ki matse hannu."

Litinin muka je. Hoton ciki ya nuna shimfiɗar mahaifar ta yi kauri fiye da kima. Likita ta ɗebo ɗan nama daga ciki don gwaji, Umma na riƙe da hannuna har yatsuna suka sage. Muka koma gida jiran sakamako, jiran da ya hana ni ci ya hana ni sha. Da ya fito, likita ta zaunar da mu ta faɗa mana ba kewaye-kewaye: sankarar cikin mahaifa ce, amma farkonta ne, bisa dukkan alamu ba ta fita ko'ina ba. Aka yi tiyata aka cire mahaifar. Ina tsaye a bakin ɗakin tiyata, ba abin da ke yawo a kaina sai saƙon nan, da yadda muka yi raha a kansa.

Umma tana nan. Tana ɗinki, tana mita, tana faɗa da jikokinta a kan almakashi.

Ke ce, Maman Lab. Ke ce kika ga uwata a jikin gilashi, ba ki san ko doguwa ce ko gajera ba, kika hana kanki hutun Asabar, kika shiga mota, kika bi bayan tasha kina tambayar shagon tela. Aikinki ya ƙare tun lokacin da kika rubuta abin da kika gani. Da kin tsaya nan, ba mai ce miki don me. Mai taurin kai inda taurin kai yake da rana, ke ce.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutun nan raina a ɓace.

Da Umma ta warke, ta ce dole ta je ta yi godiya. Ta ɗinka rigar, ta goge, ta naɗe. Kuma da yake mutuniyar zamanin da ce, mai ganin girman manya, ta ce ba za ta tsallake shugaba ta je wurin na ƙasa da shi ba. Muka hau ofishin manajan asibitin, mai na'urar sanyaya ɗaki da labule har ƙasa. Umma ta ɗosana a bakin kujera ta ba shi labari tiryan-tiryan, har da zancen yadi. Yana murmushi yana gyaɗa kai. Ya ce, "Madalla, Hajiya. Wace ce kika ce? Ta ɗakin gwaji?" Muka fito Umma tana cewa ga mutumin kirki, wataƙila ma a ƙara mata girma.

Kafin mako ya zagayo aka ba Maman Lab takardar tuhuma. Wai ta fita daga hurumin aikinta, ta ɗauki adireshin majinyaciya ta bi ta har wurin sana'arta, ta zubar da mutuncin sabon tsari. Aka gargaɗe ta kada ta sake kira ko ziyartar wata mai gwaji. Duk abin da ta gani ta rubuta ta miƙa, a nan aikinta ya tsaya. Likitar mata ta shiga ofishin ta yi faɗa har ana jiyo ta a baranda. Ta ce in laifi ne da saninta aka yi, a haɗa da ita. Ta ce a gyara tsarin saƙon, a ƙara amsa ta uku. Manaja ya ce an ji, za a kafa kwamiti.

Ban ce dokar sirrin majinyaci wasa ce ba. Tana da dalili, kuma Maman Lab ta fi ni saninsa, shi ya sa ta riƙo yadi, shi ya sa ta jira shago ya watse. Amma wanda ya sa aka aika wa mai sankara "lafiya lau" ba a ba shi takarda ba. Wadda ta bi ta gyara ɓarnar, ita aka ba. Ranar da Umma ta ji, ta ture ɗinkin gabanta ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka ce za a shiga da ita tiyata. "Ni na kai ta," take ta faɗi. "Da ƙafata na hau na kai ta."

Maman Lab ta bi umarni. 'Ya'yanta na makaranta, mijinta ba lafiya, ba ta da wurin zuwa. Sai ta koma hawa sama kowace la'asar, ta gaya wa likita matan da take so a kira, likita ko nas su kira. A matakalar nan gwiwoyinta suka fara ciwo.

Cikin matan akwai wata, matar wani mai sayar da tayar mota. Ita ma al'adarta ta ɗauke, ita ma bakin mahaifarta lafiya, ita ma ga ƙwayoyin nan na ciki, kuma nata sun fi na Umma muni. Saƙon lafiya lau ya riga ya tafi, don kwamiti bai zauna ba. Lambar da ke katinta ta mijin ce. Babbar sistar ɗakin mata, wadda ta ba ni wannan labari, ita ta kira shi.

"Ai kun aiko mana saƙo," in ji shi.

"Alhaji, akwai ƙarin bayani. Muna so ta dawo likita ta duba ta."

"Wane irin bayani? Ki gaya min, ni ne mijinta."

"Da ita za mu yi magana."

"To, ba ta kusa. Kuma ni ban ga abin da ke damunta ba, tana cin abincinta tana aikinta. Ku dai ba ku son ganin mutum a gidansa lafiya."

Aka sake kira, aka sake, har ya daina ɗauka. Adireshin na nan a katin, ba wata nisa daga asibitin. Sista ta ce ta sha tarar da Maman Lab bayan an tashi aiki, tsaye a bakin ƙofar baya, jaka a kafaɗa, tana kallon titin da ya nufi unguwar. Ta daɗe a haka, sannan ta juya ta nufi gida.

An haura shekara, sai ga shi an shigo da matar a keken marasa lafiya, cikinta ya kumbura, ta zube har ba a gane ta. Ciwon ya riga ya bi ko'ina. Maman Lab ta ga sunan a jikin wani sabon gwaji da ya sauko ɗakinta, ta gane shi nan take. Ta hau sama ta zauna a bakin gadon. Matar ba ta san ko wace ce ba, ta roƙe ta ta gyara mata matashi. Ta gyara. Ta ba ta ruwa a cokali. Matar ta ce mata ai ta daɗe tana ganin jini, amma tunda asibiti sun ce lafiya lau, sai ta ɗauka na tsufa ne. Ba ta taɓa jin cewa an neme ta ba.

A baranda mijin na gaya wa 'yan'uwansa, "Ba wanda ya gaya mana komai." Maman Lab ta zo ta tsaya a gabansa. Sista ta ce ta ɗauka za a yi tashin hankali. Amma da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Alhaji, an kira ka. Ni na sa aka kira ka. Ka shiga ka zauna da ita, ba ta da sauran lokaci mai yawa." Ya sunkuyar da kai.

Matar ta rasu kafin wata ya ƙare. Ta bar 'yan mata biyu, ƙaramar ko sakandare ba ta gama ba.

Washegari Maman Lab ta hau ofishin manaja ba tare da neman izini ba. Sakatariyarsa ce ta ba da labarin. Ta ce masa, "Ranka ya daɗe, na bi takardarka, ga abin da ta haifar. Daga yau duk matar da aka kira ba ta zo ba, zan je. Ka rubuta ta biyu tun yanzu, in ka ga dama ka kore ni." Bai rubuta ba. Bai kuma janye ta farkon ba. Tana nan a fayil ɗinta har ranar da ta bar aiki, kuma ita ce hujjar da aka riƙa ba ta duk lokacin da aka tsallake ta a ƙarin girma. Amsa ta uku an ƙara ta daga baya, shiru-shiru, ba taro ba lemo, ba kuma wanda ya ambaci matar mai taya.

Ba na cewa duk wadda Maman Lab ta taso, ciwo aka samu. Ita da bakinta takan ce mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. Takan kuma ce gwajin nan ba don cikin mahaifa aka yi shi ba, akwai matan da ke ɗauke da ciwon amma gilashinsu bai nuna komai ba, don haka kada mai ganin jini ta fake da shi. Wata malamar makaranta da aka ɗebi namanta, sakamako ya fito ba komai, ta sauko har ɗakin ƙasa ta wanke ta tas. Ta ce ta hana ta barci, ta sa ta sha azaba a banza, ta tayar wa 'ya'yanta hankali. Maman Lab ta saurara har ta gama, ta ce, "Kin yi gaskiya, kin sha wuya, ki yi haƙuri. Amma na fi son ki zage ni kina tsaye da ƙafafunki." Malamar ta fita ta bugo ƙofa. Maman Lab ta ɗauki gilashi na gaba.

To, makon jiya ta tafi, kuma ba a ɗauki wanda zai maye gurbinta ba. Shekaru ta yi tana roƙon a ba ta matasa ta koyar. Waɗanda aka turo ta koyar da su, ba a riƙe su ba, suka gaji da jiran a ɗauke su aiki suka kama gabansu. Yanzu an ce za a riƙa tara gilasan a kwali ana aikawa wani gari, in mota ta samu. Ɗakin kuma za a mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. A makon ne aka kawo masu fenti suna gyara babbar ƙofa, don manyan baƙi za su zo. Daga ofishin sama ba a samu ko mutum ɗaya da ya sauko ya ce mata sannu da aiki ba. Mai kula da kaya ne kawai ya zo karɓar makulli, shi ma tun kafin azahar. Ta ce ya jira. Akwai sauran gilasai a faranti, ba ta barin na kowa.

Mu ne muka je. Umma ta kira matan da ta saba da su a layin ganin likita, su ma suka kira wasu. Muka cika matakalar nan tun daga sama har ƙasa, iyaye da 'ya'yansu, har mai gadi ya zo yana tambaya ko lafiya. Likitar mata ta zo ta tsaya tare da mu, Sista ma haka. Ba mu ƙwanƙwasa ba, muka bari ta gama na ƙarshe. Da ta buɗe ƙofa ta gan mu, ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ce, "Wa ya ce ku tare hanya? In gobara ta tashi fa?" Sannan ta zauna a kan matakala ta rufe fuskarta da hannu biyu.

Ku da kuke sama, ku saurare ni. Matan da suka cika matakalar nan ba kwamiti ne ya bar su a raye ba. Kun tuhumi mace don ta ceci rai, kun hana ta girma, kun bar wuyanta ya karkace, idonta ya dushe, a ɗakin da ko motarku ba za ku yarda a ajiye a ciki ba, sannan kuka aika a karɓi makulli kamar 'yar hayar da wa'adinta ya cika. Ku ma mata ne suka haife ku. Matanku ma za su kai waɗannan shekarun. Kai kuma mai riƙe wa matarka waya, in asibiti suka ce ita suke nema, ka miƙa mata. Ba jikinka ba ne, ba kai za ka kwanta a gadon ba. Masu farar riga da kuke tasowa, akwai irin wannan mata a kowane asibiti, can ƙasa ko can baya. Ku neme ta ku zauna kusa da ita tun tana nan. Ku koyi yadda take duba abu, ku kuma koyi yadda ba ta iya barci in ta san an aika wa wata amsar da ba ta cika ba.

Shekaranjiya na je gidanta. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, ta tokare wuyanta da matashi, tana tsefe wa jikarta kai. Na karanta mata farkon abin da na rubuta. Ta ce, "Kin cika surutu, Auta. Cire wancan na taurin kai." Na ce ba zan cire ba. Ta ci gaba da tsifa, can ta ce, "Surukarki fa, uwar mijinki? Ai ta kai shekarun. Akwai wanda ya taɓa tambayarta?"

Na ce ai ina jin nauyinta.

"To, ki ji nauyin," in ji ta, "ki kuma tambaya."

Ban tashi daga tabarmar ba sai da na kira. Na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na tambayi mutanen gida, Maman Lab na hararata ta saman tabarau. Da na rasa abin ƙarawa, na rufe ido na yi tambayar. Surukata ta ce, "Wa ya gaya miki?"

Na gode, Maman Lab. Umma ta gode, 'ya'yana da suke da kaka sun gode, matan da ba su san sunanki ba ni na karɓar musu bakin godiya. Allah Ya hutar da wuyanki da idanunki, Ya saka miki da abin da mutane suka kasa. Mai karatu, in kana da uwa, ko gwaggo, ko yaya da al'adarta ta ɗauke, ka nemi wadda za ta iya tambayarta, yau ɗin nan. In ke ce 'yar, ki daure ki tambaya da kanki.

Gobe da safe zan kai surukata asibiti. Likita za ta gan ta, wannan ba ni da shakka. Amma duk abin da aka ɗebo a jikinta, a kwali za a sa shi ya jira mota. Ku da kuke sama, ku gaya min wanda zai duba shi, ku kuma gaya min wanda zai biyo ta gida in ba ta ɗauki waya ba.